Tarihin fulogin mota da abin da ya sa canza shi ya yi tsada

A yau za mu ɗaga bonet ne mu leƙa cikin injin mota, domin mu duba wani ɗan abu da tsawonsa bai fi yatsa ba, wato fulogi. Idan kana da mota, ko babur, ko janareto mai shan fetur, to ka san shi. Watakila ma ka taɓa kwance shi da hannunka, ka goge, ka hura masa iska, ka mayar. Amma idan motarka ta zamani ce, musamman idan kana zaune a Amurka ko Ingila ko Saudiyya, mai yiwuwa ka taɓa kai ta gareji a canza maka fulogi, aka miƙo maka takardar kuɗi har ka yi zaton an yi kuskure. Ta yaya aikin da direbobin da ke yi a bakin hanya ya koma aikin ɗaruruwan daloli? Amsar tana cikin tarihin shi kansa fulogin.

Da farko bari mu tuna aikinsa. A cikin kowace silinda fistin yakan tsotso iska da fetur, ya matse su, sannan ana bukatar abin da zai kunna musu wuta a daidai lokacin da ya kamata. Batirin mota bolt 12 kawai yake bayarwa. Koyil ne ke ɗaga wannan ƙarfi zuwa bolt dubu 20 ko dubu 30, wani lokaci ma fiye, ya tura shi cikin fulogi. A bakin fulogin akwai ƙarafa biyu da ɗan gibi a tsakaninsu, kimanin milimita ɗaya, kuma wutar lantarkin na tsallake wannan gibi ne ta zama tartsatsi. Yi wannan lissafi tare da mu. Idan kana tafiyar kilomita 60 a awa, injin kuma yana juyawa sau 2,000 a minti, kowane fulogi yana yin tartsatsi sau 1,000 a minti, wato sau 1,000 ke nan a kowace kilomita. Kafin ka cika kilomita dubu 100 ya yi tartsatsi sau miliyan 100. Kuma kowane tartsatsi yana ɗan gutsurar ƙarfen bakinsa.

Mutumin da aka fi danganta farkon fulogi da shi shi ne Étienne Lenoir, wanda aka haifa a yankin da ke cikin Beljiyam a yau, ya kuma yi aikinsa a birnin Paris. A shekarar 1860 ya ƙera injin mai amfani da iskar gas, wanda tartsatsin lantarki ke kunnawa. Sai dai lantarkin wancan zamani ba abin dogaro ba ne. Batir kan mutu da wuri, babu kuma hanyar cajinsa a kan tafiya. Wannan ne ya sa Gottlieb Daimler a Jamus ya bi wata hanya dabam: wani ɗan bututu ne ake saka wa injin, a kunna masa wuta daga waje har ya yi jajir, shi ke kunna fetur ɗin. Ka yi tunanin harshen wuta a buɗe kusa da tankin mai, a kan hanya mai gargada. Motoci sun sha kamawa da wuta.

Mafita ta fito ne daga birnin Stuttgart, inda Robert Bosch ya buɗe wani ƙaramin shagon aikin lantarki a 1886. Bosch ya duƙufa a kan wata na'ura da ake kira maganeto, wadda ke samar da lantarki da juyawar injin kansa ba tare da batir ba, kuma a 1897 aka ɗora ta a kan abin hawa. A 1902 wani matashin injiniyansa mai suna Gottlob Honold ya ƙera maganeto mai ƙarfin wuta sosai, tare da fulogin da ya dace da shi. Daga nan ne injin mai saurin juyawa ya samu abin dogaro. Bayan wasu shekaru, a 1910, Charles Kettering a Amurka ya fito da tsarin batir da koyil a motocin Cadillac, wanda da shi aka yi ta tafiya shekaru da dama. Ka riƙe sunan wannan mutumi, za mu sake haɗuwa da shi.

Akwai kuma wani Bafaranshe da sunansa ya shiga kusan kowane gareji a duniya. Albert Champion ɗan tseren keke ne, shi ya lashe tseren Paris zuwa Roubaix a 1899, kafin ya ƙaura zuwa Amurka. A 1905 ya kafa kamfani a birnin Boston da wasu 'yan uwa masu suna Stranahan, amma tafiyar ba ta yi nisa ba suka ɓata. Ya bar su a 1908 ya koma garin Flint na jihar Michigan, su kuma suka riƙe sunan Champion. Da ya ga sunansa ya zama na wasu, sai ya koma amfani da haruffan farko na sunan nasa, AC. Mutum ɗaya ke nan, kamfanoni biyu masu gogayya da juna. Fulogin AC ne ke cikin jirgin da Charles Lindbergh ya tsallake tekun Atlantika da shi a 1927, shekarar da shi Champion ya rasu a Paris.

To amma babbar matsalar fulogin wancan lokaci ba ƙarfen ba ne, farin ɓangaren nan ne da kake gani a jikinsa, wanda ke hana wutar lantarki zurarewa ta gefe. Da tangaran ake yin sa, dangin wanda ake yin faranti da kofin shayi. Ga shi kuwa bakinsa na cikin wutar da zafinta ya haura digiri 2,000, sannan nan take sanyin sabon fetur ya buge shi, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Sai ya tsage. Neman maganin wannan ya kai kamfanin Champion har kan tsaunukan White Mountains na jihar Kaliforniya, inda aka samu wani dutse mai jure zafi. Wurin yana da tsayi da wuyar hawa, ta yadda a shekarun 1920 alfadarai ne ke sauko da dutsen a bayansu domin a yi wa motoci fulogi. A shekarun 1930 ne aka koma amfani da alumina, sinadarin da ake samun ƙarfen alminiyam daga gare shi, ana gasa shi har ya yi tauri matuƙa. A kamfanin AC wata masaniyar duwatsu, Helen Blair Bartlett, ta taka muhimmiyar rawa a wannan aiki. Har yau alumina ce farin da ke jikin fulogin motarka. Ba abin mamaki ba ne kuma da kamfanin NGK na Japan, wanda aka kafa a Nagoya a 1936, tushensa na komawa ne ga masu sana'ar tangaran.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi komai tasiri ga aljihun mai mota, wato dalma. A watan Disamba na 1921, wani injiniya mai suna Thomas Midgley, wanda ke aiki ƙarƙashin Kettering ɗin nan a kamfanin General Motors, ya gano cewa idan aka zuba wani sinadarin dalma kaɗan a cikin fetur, injin yakan daina ƙwanƙwasa. Aka fara sayar da irin wannan fetur a garin Dayton na jihar Ohio a 1923. Tun a 1924 ma'aikata biyar suka mutu a wata matatar mai a jihar New Jersey saboda gubar sinadarin, amma aka ci gaba da sayarwa, har ya game duniya. Masu sauraronmu da suka bi labarin yaran Zamfara a 2010 sun san abin da gubar dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Wannan gubar ce motoci suka yi ta fesawa a titunan birane shekara da shekaru.

Shi ma fulogi ya ɗanɗana kuɗarsa. Dalmar takan taru a bakinsa ta yi masa ɓawo, wutar ta riƙa bin ɓawon maimakon ta tsallake gibi, sinadaran da ake haɗawa domin su kwashe dalmar kuma suna cin ƙarfen. Saboda haka a zamanin fetur mai dalma, fulogin da ya yi kilomita dubu 15 zuwa dubu 20 ya yi ƙoƙari. Duk shekara sai an canza, a tsakani kuma a yi ta kwancewa ana gogewa. Masu ƙera motoci sun san da haka, shi ya sa suke ajiye fulogi a fili inda hannu zai kai. Duk wanda ya taɓa riƙe Fijo 504 ko Bitil zai gaya maka cewa da sifana ɗaya da ɗan tsumma an gama. Fulogin na da araha, aikin ba wuya, sai dai ana yawan yin sa. Idan kana son ganin wancan zamani da idonka, je ka wurin masu ƙananan jiragen sama masu injin fistin. Yawancinsu har yanzu mai mai dalma suke sha, har yanzu kuma makanikansu na kwance fulogi a kai a kai suna ƙwaƙule dalma.

Abin ya fara canzawa ne a Amurka a shekarun 1970, lokacin da dokokin tsabtace iska suka tilasta wa kamfanoni rage hayaƙi. Daga motocin 1975 aka fara saka wata tukunya a jikin salansa mai tace hayaƙi, wadda makanikan Najeriya ke wa laƙabi da indomi saboda kamannin cikinta. Wannan tukunya ba ta shiri da dalma ko kaɗan, domin dalmar na kashe ta. Dole aka fara janye dalma daga fetur. Amurka ta haramta shi ga motoci baki ɗaya a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a birnin Dakar a 2001, suka cika shi a farkon 2006. Ƙasa ta ƙarshe a duniya ita ce Aljeriya, a 2021.

Da dalma ta tafi, abin da ya rage yana kashe fulogi shi ne cinyewar ƙarfen bakinsa. Nan ne injiniyoyi suka juya ga ƙarafa masu daraja. Fulogin da ake kira na jan ƙarfe, a gaskiya cikinsa ne kawai jan ƙarfe, domin ya janye zafi. Bakinsa haɗin nikel ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 1,455. A shekarun 1980 fulogi mai bakin filatinam ya bazu, shi kuwa sai zafi ya kai digiri 1,768 yake narkewa. A shekarun 1990 kamfanonin Japan suka shigo da iridiyam, mai jurewa har sama da digiri 2,400. Saboda taurinsa ana iya yin bakin siriri kamar allura. Kamfanin Denso ya fitar da mai kaurin milimita 0.4 a 1997. Sirantar tana da amfani, domin wutar lantarki ta fi saurin tsalle daga abu mai tsini, koyil kuma ba ya wahala. A farkon shekarun 1990 Cadillac ya fara tallar injin da ba a taɓa fuloginsa sai ya yi mil dubu 100, wato kilomita dubu 160. Abin da ake canzawa duk shekara ya koma abin da ake canzawa sau ɗaya a shekara takwas ko goma.

Shi wannan iridiyam abin a ɗan tsaya a kansa ne. Wani Bature ɗan Ingila, Smithson Tennant, ya gano shi a 1803. Yana daga cikin ƙarafa mafi ƙaranci a ɓawon ƙasa, amma yana da yawa a duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya. Shi ya sa a 1980, da Luis Alvarez da ɗansa Walter suka ba da rahoton wani siririn layin yumɓu mai yawan iridiyam a cikin duwatsu, suka kafa hujja da shi cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo duniya shekaru kimanin miliyan 66 da suka wuce, ya hallaka dabbobin nan dainoso. Abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu. A 2021 farashin oza ɗaya ya haura dala dubu 6. Duk da haka kada wani ya ruɗe ka da wannan. Abin da ke bakin fulogi ɗan ɗigo ne kawai. Fulogin iridiyam yakan ninka na nikel sau uku ko huɗu a farashi, amma yana ninka shi a daɗewa kusan haka. Idan ka raba kuɗin da kilomita, ba ka yi asara ba.

Tsadar gaskiya tana wani wuri. Da masu zana injin suka ga ba a bukatar taɓa fulogi sai bayan shekaru, sai suka daina damuwa da inda suka cusa shi. Motoci suka koma masu jan ƙafar gaba, aka kwantar da injin a gicciye, aka cika gurbin da na'urori. A injin silinda huɗu har yanzu da sauƙi: a cire murfin roba, a zare koyil huɗu, cikin rabin awa ko awa ɗaya an gama. Amma a injin silinda shida da aka gicciya, kamar na Toyota Sienna ko Highlander, fulogi uku na gaba ne kawai a fili. Ukun baya suna ƙarƙashin bututun da ke kai wa injin iska, sai an kwance shi duka, a sayi sabon gasket, a ɗaura. Aikin awa biyu ko uku ke nan, a ƙasar da gareji da yawa ke cajin sama da dala 100 a kowace awa. Ka ga kuɗin hannu ya ninka kuɗin kaya. Tun a 1975 aka ga alamar wannan, lokacin da Chevrolet ya cusa injin silinda takwas a ƙaramar motarsa Monza, har sai an ɗan ɗaga injin kafin a kai ga wani fulogin.

Wasu motocin kuma fulogi biyu ke cikin kowace silinda. Injin silinda shida na Marsandi da ke cikin E320 da ML320 na ƙarshen shekarun 1990 guda 12 yake ɗauka, wasu Honda Jazz masu silinda huɗu kuma guda 8. Sannan ga matsalar daɗewa ita kanta. Fulogin ƙarfe da ya shekara goma a ɗaure cikin kan injin alminiyam yakan maƙale, kuma alminiyam ba shi da tauri. Idan aka matsa da ƙarfi, musamman injin na da zafi, zaren ramin ya lalace. Misalin da makanikan Amurka ba za su manta ba shi ne injin lita 5.4 na Ford da ke cikin motocin F-150 daga 2004 zuwa wajen 2008. Fuloginsa gida biyu ne, ƙasansa kan karye ya zauna a cikin injin lokacin kwancewa. Sai da aka ƙera kayan aiki na musamman domin zaro guntun, maganar kuma ta kai har kotu.

Mai sauraro, ga inda zancen ya iso ƙofar gidanka. Mutumin da ya sayi sabuwar mota a Jamus ko Amurka yakan hau ta shekara biyar ko bakwai ya sayar, bai taɓa biyan ko kwabo na fulogi ba. Wani rahoto na Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Motar da ta sauka a Kwatano ko Tema ko Duwala da kilomita dubu 150 a agogonta, ta iso ne daidai lokacin da fuloginta na asali ke gab da ƙarewa. Haka ma ɗan tasi a New York ko Landan da ya sayi ta hannu. Kuɗin da mai ita na farko bai biya ba, kai ne za ka biya.

A kasuwannin kayan mota irin su Suame a Kumasi, Abossey Okai a Akra ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuɗin hannu bai kai na Turai ba, don haka hatsarin ya fi yawa a wajen kayan. Kamfanonin NGK da Denso sun sha fitar da gargaɗi game da jabun fulogi masu ɗauke da sunansu, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, amma bakin ba iridiyam ba ne. Irin wannan yakan cinye da wuri, wani ma ya narke ya faɗa cikin silinda. Idan an ce maka ga na iridiyam a farashin na nikel, ka yi shakka. Ko da na gaske ne, sai lambarsa ta dace da injinka, domin kowane injin na bukatar bakin fulogi ya zauna tsakanin digiri 500 da kimanin 850. Idan ya gaza haka baƙin hayaƙi ya rufe shi, idan ya zarce ya riƙa kunna fetur kafin lokaci, wanda hakan kan iya huda fistin. Ana iya saka na nikel mai araha a wasu injina, amma a injin da sai an kwance rabin samansa kafin a kai ga fulogi, wannan arahar ba ta da ma'ana, tunda za ka biya kuɗin kwancewar sau uku maimakon sau ɗaya.

Jinkiri ma yana da nasa farashin. Yayin da baki ke cinyewa gibin na faɗaɗa, koyil na ƙara wahala har ya ƙone, kuma koyil ɗaya ya fi fulogi tsada nesa ba kusa ba. Silindar da ba ta kama wuta ba kuma ɗanyen fetur take turawa cikin salansa, ya je ya ƙone a cikin tukunyar tace hayaƙi har ya narkar da cikinta. Ita kuwa da filatinam da wasu ƙarafa masu daraja aka shafe ta, shi ya sa ɓarayi ke yanke ta, shi ya sa kuma sabuwarta ke da tsadar gaske. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 kwamfutarsu na lura da wannan. Idan ka ji injin na rawa, ka ga fitilar nan mai hoton injin tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, abin da take gaya maka shi ne tukunyar na cikin hatsari a daidai wannan lokaci, ka rage gudu ka nemi makanike.

Masu motar dizal dai wannan lissafi bai shafe su ba, domin matsin iska ne ke kunna man nasu, haka ma masu motar lantarki zalla. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba batirin mota.